Da gaske ne Ƙanƙara da Faskari sun taɓa zama kowa da ɗan majalisarsa?

Tambaya: Mahaifina yakan ce akwai lokacin da Ƙanƙara ke da nata ɗan Majalisar Wakilai ita kaɗai, Faskari ma haka. Ni kuwa tun da na yi wayo, mutum ɗaya na sani yana wakiltar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Da gaske ne? In haka ne, wa ya haɗe mu, kuma me ya sa kujerar ba ta rabuwa da kotu? Daga wani mai karatu a Ƙanƙara.

Amsa: Malam, Baba ya yi gaskiya, Allah Ya ƙara masa lafiya. Zaɓen 4 ga Yulin 1992 yake tunawa, na zamanin Janar Ibrahim Babangida, lokacin jam'iyyu biyu, SDP da NRC. A tsarin wancan lokaci kowace ƙaramar hukuma mazaɓa ce mai zaman kanta, shi ya sa kujerun Majalisar Wakilai suka kai 593. Ƙanƙara ƙaramar hukuma ce a lokacin, Faskari ma haka, don haka kowace ta tura nata wakili. Sabuwa ba ta samu ƙaramar hukumarta ba sai 1996. Majalisar ba ta yi tsawon rai ba, domin Janar Sani Abacha ya rushe ta da ya karɓi mulki a Nuwamban 1993. Waɗancan mazaɓu biyu zaɓe ɗaya tak suka gani.

Kafin nan ma iyakokin ba su taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. A zaɓen tarayya na Disamban 1959 kujeru 312 ne a ƙasar, 174 na Jihar Arewa, kuma maza kaɗai ke jefa ƙuri'a a Arewa. Yankinku yana cikin Lardin Katsina, inda jam'iyyar NPC ke da ƙarfi, jam'iyyar NEPU na adawa. Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, Ƙanƙara ta faɗa ƙarƙashin Malumfashi, Faskari da Sabuwa kuma ƙarƙashin Funtuwa, duka a tsohuwar Jihar Kaduna, har zuwa 23 ga Satumban 1987 da aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Ka ga ke nan Ƙanƙara da Faskari ba gida ɗaya suka fito ba ta fuskar mulki.

Haɗin da ka taso ka tarar an tsara shi ne a 1996, a hannun hukumar zaɓe ta zamanin Abacha, wato NECON. An rage kujeru zuwa 360 alhali ƙananan hukumomi sun ƙaru zuwa 774. Katsina mai ƙananan hukumomi 34 ta samu kujeru 15, dole aka riƙa haɗa biyu ko uku wuri guda. Tsarin Mulkin 1999 ya gaji wannan lissafi, a kansa ake zaɓe har yau. A Majalisar Dokokin Jiha kuwa kowace cikin ukun tana da kujerarta, a Majalisar Dattawa kuma duka suna cikin shiyyar Funtuwa.

Sai maganar kotu. Sau biyu a tarihin wannan kujera wanda aka rantsar da farko bai kammala wa'adinsa ba.

Na farko a 2011 ne, shekarar guguwar CPC ta Janar Muhammadu Buhari. Jam'iyyar ta rabu gida biyu a Katsina tun wajen zaɓen fid da gwani, ɓangaren Yakubu Lado Ɗanmarke da ɓangaren Aminu Bello Masari, kowane da jerin 'yan takararsa. CPC ta ci kujerar, Murtala Isa ya tafi Abuja. A Disamban shekarar Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan rikicin, hukumar zaɓe ta INEC ta janye takardar shaidar cin zaɓe daga sanatoci biyu da 'yan Majalisar Wakilai takwas na jihar, ta miƙa wa ɗaya ɓangaren. Ta haka Abbas Machika ya karɓi kujerarku. A wannan juyin ne Hadi Sirika da Abubakar Sadiq 'Yar'aduwa suka shiga Majalisar Dattawa, kuma Muntari Ɗandutse, wanda ya zama sanatan shiyyar Funtuwa a 2023, yana cikin waɗanda suka rasa kujera a lokacin. Abin lura shi ne ba a ce wa mutanen Ƙanƙara su koma rumfa su bambance tsakanin mutum biyun ba. A fahimtar shari'a ta wancan lokaci jam'iyya aka zaɓa, ita ke da ikon cewa ga ɗan takararta. Murtala Isa ya dawo a 2015 ƙarƙashin APC, wadda CPC ta narke cikinta a 2013.

Na biyu kai ma ganau ne. A zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 an bayyana Jamilu Muhammad na PDP a matsayin wanda ya yi nasara, aka rantsar da shi. Shehu Ɗalhatu Tafoki na APC, tsohon mataimakin kakakin Majalisar Dokokin Jiha mai wakiltar Faskari, ya garzaya kotu. Aka ba da umarnin sake zaɓe a wasu rumfuna, aka yi ranar 3 ga Fabrairun 2024, da aka haɗa lissafi Tafoki ya wuce gaba da rata ƙanƙanuwa. Ƙa'idar da ke aiki a irin wannan hali ita ce: idan ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu zaɓen rumfunan da aka soke ko ba a yi zaɓe a cikinsu ba, to zaɓe bai kammalu ba.

Wannan ƙa'ida ta fi nauyi a yankinku fiye da wurare da yawa, kuma a nan ne abin ke damuna ƙwarai. Faskari da Ƙanƙara suna iyaka da Zamfara, Sabuwa na jingine da dajin Birnin Gwari. Ba sai na tuna maka daren 11 ga Disamban 2020 ba, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. Ƙauyen da ya watse, mutanensa suka koma gudun hijira cikin gari, rumfarsa tana nan a rajistar INEC da sunayensu. In an kasa kai kayan zaɓe can, ko an kai babu kowa, muryar waɗanda suka fi kowa buƙatar wakili ce ke ɓacewa, kuma a kan rumfunansu ne lauyoyi za su yi ta jayayya wata da watanni.

To za a iya raba ku? Doka ta buɗe ƙofa, sai dai ƙunƙuntacciya ce. Sashe na 72 na Tsarin Mulki ya ce yawan jama'ar mazaɓu ya zama kusan daidai gwargwadon iko. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumominku uku sun haura mutum 570,000, alhali in ka raba jama'ar ƙasar miliyan 140 gida 360, kowace kujera kusan 390,000 za ta samu. Hujjarku ke nan, kuma a ganina mai ƙarfi ce. Sashe na 73 ya ɗora wa INEC sake duba iyakokin, da tazarar da ba ta gaza shekara goma ba, amma tun 1996 ba a sake zana mazaɓun tarayya ba, kuma tun 2006 ba a yi ƙidaya ba. Ko INEC ta zana, sai majalisun tarayya biyu sun amince, kamar yadda sashe na 74 ya tanada. Tunda sashe na 49 ya ƙayyade kujerun a 360, bai wa Ƙanƙara kujerarta na nufin a karɓe ta daga wani wuri, ko kuwa a gyara Tsarin Mulki, wanda ke buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya da amincewar majalisun jihohi 24.