Amsar Tambaya: Laftof Ɗina Yana Nauyi

Tambaya: Ma'adanar laftof ɗina gigabait 500 ce, amma yana nauyi. Me ya sa?

Amsa: Malam, girman ma'adana ba shi ke kawo sauri ba. Ma'adana rumbu ce, RAM kuwa tabarmar da ake baje aikin yanzu. In RAM ɗinka gigabait 4 ce, mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke buƙata, ka buɗe Chrome da Word, dole kwamfuta ta yi ta zarya zuwa rumbu. Za ka ce ai Core i7 ce. To, i7 ta 2012 ta kwana biyu, sunan kaɗai bai isa ba. Ka sa SSD a madadin tsohon faifai mai juyawa, ka ƙara RAM zuwa 8, amma mai gyara ya fara dubawa, don a wasu laftof manne take.