Tsakanin Kwali da Dila

Ɗana, mahaifiyarka ta zo mini jiya bayan La'asar. Ta ce gurbin da ka samu a Jami'ar Bayero ba ka so, wai gara ka ci gaba da zama a shagon ubangidanka a Kantin Kwari, nan da shekara huɗu a sallame ka da jari. Ban yi fushi ba. A Kwari na yi furfura, na san daɗin kuɗin da ake ƙirgawa kullum kafin Magariba.

Hujjarka ma ba ta banza ba ce. Kana ganin masu digiri suna jan adaidaita sahu daga Fagge zuwa Bata. A gabanka yayanka ya zauna gida wata takwas a 2022, malaman jami'a na yajin aiki. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta tsayar a 2024 naira 70,000 ne, abin da mai sa'a a layinmu kan haɗa cikin 'yan kwanaki idan Sallah ta matso. Duk na yarda.

Amma bari in gaya maka abin da ko matata ba ta sani ba. Kwantenata ta farko daga Chana, takardunta da Turanci suka zo, shafi a kan shafi. Na damƙa wa wani mai fito da kaya, duk inda ya nuna na sa hannu, duk abin da ya ce na biya. Sai bayan wata biyu wani ɗan makaranta ya duba mini, ya nuna mini inda na biya kuɗi ɗaya sau biyu. Ribar shaddar da ke cikin kwantenar gaba ɗaya can ta tafi. Ni da na iya gane yadi da ɗan yatsa ko a duhu, takarda ta mayar da ni baƙo a sana'ata. Zamanin Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, goro da gyaɗa da amana suna iya ɗaukar mutum. Amana har gobe ita ce gaba, sai dai kasuwar yau ta ƙara da farashin dala, da kwastam, da banki.

Leƙa Sabon Gari ka gani. Doka ba ta yarda a yi sarin magani ba sai da ƙwararren da ya karanci harhaɗa magunguna, mai lasisi. Da hukuma ta matsa a 2024 aka ce masu sari su koma Dangwauro, a hanyar Zariya, wanda ya tura ɗansa wannan karatu da lasisin gida ya tafi. Sauran kuwa hayar na wani suke yi, ana yanka musu kuɗi.

Ka tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016? Wani maƙwabcinmu a nan Fagge ya kwana mai shago uku, ya tashi da toka. 'Yarsa malamar asibiti, wadda 'yan'uwa suka yi ta yi masa gorin barin ta ta yi karatu, ita ta riƙe gidan da albashinta har ya farfaɗo. Yanzu ko ciwon kai aka yi a lungun, ƙofarta matan unguwa ke bugawa, har da matan masu gorin.

Ban ce ka bar kasuwa ba, ina! Litinin zuwa Juma'a kana aji, Asabar kana shago, hutu ma haka. Rajistar shekarar farko a wuyana take. Ta gaba mu duba bashin karatun nan na NELFUND, ko Allah ya hore daga wani wajen.

Ranar Litinin da hantsi ka zo da takardar gurbin da hotunanka. Ubangidanka kuwa ka bar ni da shi, tare muka fara tallan yadi a ka.