ZAZZAƁIN TEKU: ABIN DA KE JIRAN TEKUNAN GAƁA

Mene ne tekun gaɓa?

Kowace nahiya tana da wani dandamali da ya miƙa cikin teku, inda zurfin ruwa ba ya cika wuce mita 200. Ruwan da ke bisansa shi ne tekun gaɓa, kuma a nan ake kama mafi yawan kifin duniya. Misali shi ne Tekun Arewa, wanda ke tsakanin Ingila da Holan da Norwe.

Mene ne zazzaɓin teku?

Idan ruwan wani wuri ya yi ɗumin da ba safai ake gani ba a wannan lokaci na shekara, har ya jera kwana 5 ko fiye, shi masana ke kira zazzaɓin teku. Kowa ya san ruwan faranti ya fi na rijiya saurin zafi in rana ta buɗe. Haka tekun gaɓa yake.

Tushen abin kuwa shi ne hayaƙin kwal da man fetur, wanda ke hana zafi fita daga duniya. Teku ke shanye wajen kashi 90 cikin 100 na wannan rarar zafi.

Abin da ya riga ya auku

A 2011 zazzaɓi ya sauka a yammacin Ostareliya, ya kashe ciyawar ruwa wadda ƙananan kifaye ke fakewa a ciki. A watan Yuni na 2023 kuma, iska ta kwanta a kewayen Ingila da Ailan, sama ta washe, ruwan sama-sama bai gauraya da na ƙasa mai sanyi ba. Aka yi kwana 16 a haka, ɗumin wani wuri ya ɗara na kullum da digiri 5.

Abin da ke gaba

Masanan Majalisar Ɗinkin Duniya sun bayyana a 2019 cewa zazzaɓin teku ya ninka sau biyu tun daga 1982. Sun ce kafin 2100 zai fi na zamanin 1850 zuwa 1900 yawa sau 20 in an rage hayaƙi, sau 50 in ba a rage ba. Ofishin duba yanayi na Ingila kuma ya nuna cewa in hayaƙi ya ci gaba da yawa, ɗumi irin na 2023 zai zama ruwan dare a can wajen tsakiyar wannan ƙarni.

Darasi

Kada mai karatu ya ce teku ta yi masa nisa. Kifin ƙanƙara da ake sayarwa a kasuwannin Kano da Kaduna, da yawansa daga waɗannan tekuna na Turai yake zuwa. Kifi mai son sanyi kuwa, in ruwa ya ɗumama, ƙaura yake yi, masunta su bi shi nesa, tsada ta sauko kan mai saye. Saboda haka wajibi ne ƙasashe su rage hayaƙi, su riƙa auna ruwa kullum, su kuma sassauta kamu a shekarar zazzaɓi domin kifi ya farfaɗo. Rigakafi ya fi magani.