Babbar Manhaja da Halin da Kwamfutocin Ƙasar Katagum Suke Ciki

Babbar manhaja ita ce shirin da yake karɓar ragamar kwamfuta da zarar an kunna ta, kuma shi ne yake tsayawa tsakanin sassan na'urar da ake iya taɓawa da ƙananan manhajojin da mutum yake aiki da su, irin su Word da WhatsApp. Ita take raba lokacin ƙwaƙwalwar na'ura, wato furosesa, tsakanin ayyukan da aka buɗe. Ita take ba kowane aiki rabonsa a cikin ram, ma'ajiyar wucin gadi da take shafewa idan wuta ta ɗauke. Ita kuma take tsara inda kowane fayil zai zauna da wanda aka yarje wa buɗe shi. Matsayinta kamar na sarkin kasuwa ne, wanda ba ya saye ba ya sayarwa, amma shi yake raba rumfuna ya hana wani shiga hurumin wani.

A tsakiyarta akwai sashen da masana suke kira kanel, wanda shi kaɗai yake magana kai tsaye da sassan na'ura, yana yin hakan ta hanyar wasu ƙananan shirye-shirye da ake ce wa direba. Wannan ne ya sa a shagunan buga takardu na Azare ake yawan ganin firinta lafiyayya, an jona ta, fitilarta tana ci, amma ta ƙi fitar da ko shafi ɗaya, har mai shago ya fara zargin an sayar masa da lalatacciya, alhali direban da zai gabatar da ita ga babbar manhaja ne ba a saka ba.

Nau'o'inta sun samo asali ne daga buƙata. Kwamfutocin shekarun 1950 suna karɓar ayyuka a tare su gudanar da su ɗaya bayan ɗaya, sai daga baya aka samar da tsarin raba lokaci, wanda yake ba mutane da yawa damar aiki da na'ura guda, kuma a wannan turba ne Ken Thompson da Dennis Ritchie suka ƙirƙiro Unix a Amurka a 1969. Akwai kuma nau'in da aka gina don amsawa nan take, wanda ake sakawa cikin na'urorin da jinkirin daƙiƙa guda zai iya jawo asarar rai, kamar waɗanda suke lura da bugun zuciyar majinyaci a asibiti. Amma waɗanda talaka yake haɗuwa da su kullum su ne Windows, da kamfanin Microsoft ya fara fitarwa a 1985, da macOS da iOS na kamfanin Apple, sai Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, ya kuma bar ta kyauta ga mai son ɗauka ko gyarawa. A kan kanel ɗin Linux aka gina Android, saboda haka duk mai riƙe da Tecno ko Infinix ko itel a Azare ko Madara ko Chinade, da yawancin masu sana'ar POS da na'urarsu take da fuskar shafawa, jikar wannan aiki ce a hannunsu ko da ba su taɓa jin sunansa ba.

Inda matsalar take a wannan yanki shi ne yadda aka ɗauki babbar manhaja abin da ake sakawa sau ɗaya a manta. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, kuma ɗalibai suka ƙaru a Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da jami'ar jiha da ke Gadau da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da ke Azare, buƙatar kwamfutar cinya ta hauhawa, kuma mafi yawan abin da aljihun iyaye yake iya kaiwa shi ne tokumbo da ake sarowa daga Kano. Da yawa daga cikinsu suna zuwa teburin mai gyara ne ɗauke da Windows 7, wadda aka daina kula da ita tun 14 ga Janairun 2020, ko Windows 10, wadda kulawarta ta yau da kullum ta ƙare a 14 ga Oktoban 2025. Ma'anar daina kulawa ita ce duk wata kafa da ɓarayin intanet suka gano bayan wannan rana, ba za a aiko da abin toshe ta ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne kwafin da aka fasa makullinsa don guje wa biyan kuɗin lasisi, domin mai shi ba ya da hanyar sanin abin da aka cusa a ciki, kuma sau da yawa ana kashe masa sabuntawa da gangan. Ba ƙaramin haɗari ba ne: a watan Mayun 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi ta wata kafa da Microsoft ya riga ya fitar da maganinta wata biyu kafin nan, ta kulle fayiloli a ƙasashe sama da 150, har wasu asibitocin Ingila suka ɗage ganin marasa lafiya. Ɗalibin da ya ajiye kundin bincikensa na shekara guda a kan irin wannan na'ura, yana kuma yawo da filas daga wannan shago zuwa wancan, bai fi ƙarfin irin wannan asara ba.

Komawa Windows 11 ba kowace na'ura take iyawa ba, domin tana neman aƙalla ram mai gigabait 4 da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da furosesa da ba ta tsufa sosai ba. Tsohuwar kwamfutar da ta gaza cika waɗannan sharuɗɗa ba ta zama shara ba. Linux Mint ko Ubuntu suna tafiya a kanta lafiya, ana sabunta su kyauta, kuma LibreOffice yana buɗe takardun Word da Excel, ko da yake wanda aikinsa ya dogara da CorelDRAW ko wata manhaja da aka yi don Windows kaɗai ya kamata ya bincika kafin ya sauya. Haka lamarin yake ga waya, domin tun Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan Android da ta gaza ta 5.0. Don haka mai sayen na hannu, waya ce ko kwamfuta, ya dace ya sa a buɗe masa saiti a gabansa, ya ga sunan babbar manhajar da lambarta da ranar da aka sabunta ta a ƙarshe, kafin ya ƙirga kuɗi.