Kafin Ki Mayar da Su Hausa

Amaryata, uwarki ta ce kin fara tattara labaran soyayya daga bakin tsofaffin Gungawa da Kambari, za ki mayar da su Hausa ki haɗa littafi. Madalla. Matso kusa.

Na san Magana Jari Ce kike hange. A littafin nan da ya fito daga Zariya tsakanin 1937 da 1939, Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya, ya sa musu babbar riga, ya naɗa musu rawani, har muka girma muna zaton namu ne. Gwani ne, babu musu. Sai dai masu labaransa suna can nesa, ba sa cin kasuwar Yelwa. Naki kuwa, da jikokinsu kike ɗibar ruwa.

Saboda haka kada ki haɗa wa amarya lefe in ba a haɗa mata ba. Inda saurayi ya shekara da shekaru yana noma gonar surukai kafin a ba shi mata, abin da mutanen Zuru ke kira golmo, kada ki rubuta "ya biya sadaki". Sadaki a zama ɗaya ake ƙirga shi. Shi kuwa wannan, damina bayan damina yarinya na ganin bayansa a duƙe, kuma a nan soyayyar take. Bar kalmar yadda take. Ko littafin Balaraba Ramat, Alhaki Kuykuyo Ne, da aka fassara da Turanci aka buga a Indiya a 2012, ai da ɗan kwikwiyonsa ya tafi.

Tun da ruwan Kainji ya cinye gungu a 1968 aka kwaso mutane zuwa tudu, auratayya ta ƙaru: Bagunge da Bahaushiya, Basarke da Banufiya. Harsuna kuma suka ja baya, yau yaro a Shanga da wuya ya gaishe ki da Shanganci. A irin waɗannan labarai hannunki zai so ya mai da Bahaushe mai wayo, ɗayan bagidaje. Mu ma haka aka ba mu su a dandali, muka yi ta dariya. Ki kama hannun nan.

In kin gama rubutu, sayi goro ki koma Wara wurin tsohuwar da ta ba ki labarin. Karanta mata a hankali, ki duba ko za ta rufe fuska da mayafi daidai inda ta rufe ranar farko.