Iyakar da Baƙo Ya Shata: Daga Sabon Gari Zuwa Falasɗinu

Ɗalibanmu da yawa sukan bi Titin Ibrahim Taiwo, su ratsa Fagge su shiga Sabon Gari, ba tare da sun tambayi wanda ya raba unguwannin nan ba. Turawan Ingila ne. Bayan sun ci Kano a 1903, kuma jirgin ƙasa ya iso a 1911, sai suka keɓe Sabon Gari a 1913 domin baƙin da suka zo daga Kudu. Dokar garuruwa ta 1917 ta ƙara ɗaure wannan rabo.

A wannan shekara ta 1917 ce kuma ministan harkokin wajen Ingila, Arthur Balfour, ya rubuta wasiƙar alkawarin kafa wa Yahudawa mazauni a Falasɗinu, alhali Larabawa ne mafi yawan mazauna ƙasar, ba a kuwa shawarce su ba. Da rigima ta gagari Ingila, sai ta miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya. Ranar 29 ga Nuwamba, 1947, ƙasashe 33 suka yarda a raba ƙasar biyu, 13 suka ƙi, 10 suka ƙaurace. Aka ba Yahudawa fiye da rabi, ko da yake su kusan kashi ɗaya cikin uku ne na jama'a. Urushalima kuwa, wadda maƙwabtanmu Musulmi ke kira Ƙudus, aka ce ta zauna a hannun duniya.

Shugabannin Yahudawa, waɗanda jama'arsu ba ta daɗe da fitowa daga kisan kiyashin Hitila ba, suka karɓa. Larabawa suka ce atafau. Masu ƙuri'a a Niyok sun zana taswira, amma ba su tura sojan da zai tsare ta ba. Yaƙi ya ɓarke, Isra'ila ta kafu a 1948, Falasɗinawa kimanin 700,000 suka rasa gidajensu. Ƙasar Larabawan da aka zana ba ta kafu ba, Urushalima ma aka raba ta biyu har 1967.

Ba mu ce na Kano ya kai wannan ba, ko kusa. Amma a ganinmu cutar iri ɗaya ce: baƙo ya ja layi don sauƙin mulkinsa, ya bar mutanen da ba su zauna sun sasanta ba suna kallon juna ta tsallaken hanya. A rikicin Kano na watan Mayu, 1953, inda hukuma ta ƙirga mutum 36 da suka mutu, tsakanin Fagge da Sabon Gari ne aka fi gwabzawa.