Mai Zanen Shanu na Birnin Kudu

Kusa da Birnin Kudu akwai waɗansu duwatsu, kamar Dutsen Mesa da Dutsen Habude. A jikinsu mutanen dā suka zana siffofin shanu. Wani masani, Bernard Fagg, ya bincika wurin a shekarar 1955.

Mai zanen nan ba shi da takarda, ba shi da fensir. Dutse shi ne allonsa. Yakan zaɓi wurin da dutse ya yi rumfa, inda ruwan sama ba ya duka. Sa'an nan ya haɗa launinsa, ja ko fari. Wata saniya layin jikinta kaɗai ya ja. Wata kuwa ya cika cikinta duka da launi.

Amma babban aikinsa shi ne kallo. Kafin ya taɓa dutse, sai ya dubi saniya sosai, ya lura da ƙahonta da gadon bayanta. Shanun da ake kiwo yau tsakanin Birnin Kudu da Gwaram suna da tozo. Nasa ba su da shi. Waɗansu dogon ƙaho gare su, waɗansu gajere. Da ya zana da ka, da ba a san irin shanun da suka taɓa kiwo a ƙasar nan ba.

Saboda haka yaron da ke koyon zane ya fara da ido, hannu ya biyo baya. In kuwa ya ziyarci duwatsun, kada ya karce su, gama abin da ya goge ba mai mayar da shi.

Tambayoyi
1. Don me mai zanen ya zaɓi rumfar dutse?
2. Ina bambancin shanunsa da na yanzu?